MALAM BUƊE LITTAFI YA SHIGA AJI ƊAYA

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Kagara ya san yadda daji ke cika da ƙwari da zarar ruwa ya zauna. Fara na tsalle cikin ciyawa, mazari na shawagi a bakin rafi, shinge na fitowa da almuru bayan ruwan farko, yara na biye da shi da ƙwarya a hannu. Amma duk cikinsu babu wanda yara suka fi bi da gudu kamar malam buɗe littafi. Lalle wanda ya raɗa masa wannan suna ya zauna ya dube shi da kyau, domin in ya sauka a kan fure sai ya haɗe fukafukansa sama kamar an rufe littafi, jim kaɗan kuma ya buɗe. Abin da ke shafin dama shi ne a shafin hagu, ɗigo da ɗigo, layi da layi, sai dai kowanne yana fuskantar ɗan'uwansa.

To, wannan abu da yaro ke gani a ɓagas, darasi ne sosai a cikin manhajar lissafi ta firamare. Da Hausa ana iya kiransa daidaiton ɓangarori, watau a sami siffa wadda in an ninka ta a tsakiya, rabin nan zai hau kan rabin can daidai wa daida, ba ragi ba ƙari. Inda aka ninka ɗin shi ne layin daidaito. A makarantu da yawa da baki ake koyar da shi. Malami ya zana murabba'i a allo, ya ja layi a tsakiya, yara su yi ta maimaita abin da ya faɗa har a kaɗa ƙararrawa, su fita ba wanda ya taɓa ninka ko da takarda ɗaya da hannunsa. Alhali kuwa malamin darasin na gaske yana can bayan taga yana yawo a kan furen kabewa.

ABIN DA YA SA AKE MAGANAR KAGARA

Mai karatu da ke zaune a Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Ama Hausa ta Owerri, zai iya cewa ina ruwan Kagara da wasan takarda, ga manyan matsaloli jibge? Gaskiya ne akwai su. Kagara, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, sunanta ya zaga duniya ne ta hanyar da ba wanda ya so. Ran 17 ga watan Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke garin da tsakar dare, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da mutum 42, watau ɗalibai 27 da ma'aikata 3 da iyalansu 12. Sai ran 27 ga watan aka sako su. Gwamnan lokacin, Alhaji Abubakar Sani Bello, ya sa aka rufe makarantun kwana na Rafi da maƙwabtanta. Ba a gama jimamin wannan ba, ran 30 ga Mayu na shekarar aka kwashe yaran makarantar Islamiyya ta Salihu Tanko da ke Tegina, cikinsu har da 'yan ƙanana waɗanda ba su daɗe da fara riƙe alƙalami ba. Sai ƙarshen watan Agusta aka sako kimanin 90, bayan kusan wata uku a daji, bayan kuma iyaye sun sayar da abin hannunsu. A watan Nuwamba 2025 ma, da aka sace ɗaruruwan yara a Papiri ta Ƙaramar Hukumar Agwara, gwamnatin jihar ta rufe makarantu gaba ɗaya har ƙarshen shekarar.

Abin da wannan ya haifar shi ne tarin yara da karatunsu ya yi ta yankewa. Wasu iyayensu sun bar ƙauye sun koma cikin gari ko Minna, wasu an kai su kudu wurin ubanni, wasu kuma suna nan wurin kakanni, yau a je makaranta gobe a zauna. Yaron da ke cikin irin wannan hali yana bukatar darasin da ba sai da gini ba, ba sai da lantarki ba, ba sai an jira kaya daga Ma'aikatar Ilmi ba, wanda uwa ko yaya za ta iya yi da shi a tsakar gida. Darasin malam buɗe littafi irin wannan ne. Kuma garin da ya yi suna da kwalejin kimiyya ya kamata ya tuna ba a kwaleji kimiyya ke farawa ba. Tana farawa ne ranar da aka ce wa yaro ɗan shekara biyar ya duba abu da idonsa, ya faɗi abin da ya gani.

YADDA AKE YI

Kayan aikin ba su da yawa. Takarda, ko da tsohuwar jarida ce ko fallen buhun siminti da aka kakkaɓe. Launi kuwa, in babu na kanti, akwai tawadar allo don baƙi, bula ko shuni don shuɗi, ruwan zoɓo mai kauri don ja, gangamau don rawaya, ga jar ƙasa da farar ƙasa. In launin ya cika ruwa a ɗan zuba masa ƙaro ko ƙullun koko ya yi kauri, don in ya tsinke sai ya bi takarda ya ɓata aikin.

Da farko kowane yaro ya ninka takardarsa biyu, ya murza ninkin da farce, sa'an nan ya buɗe. Malama ta nuna masu layin da ya fito a tsakiya, ta ce wannan shi ne gadon bayan malam. Sai kowa ya ɗiga launi a gefe guda kaɗai, kusa da layin da kuma nesa da shi, yadda ransa ya so. Nan ne malama mai dabara ke tsayawa, ba ta barin a ninka tukuna. Sai ta tambaya:

"Wannan jan ɗigon naka, in ka rufe littafin, a ina zai fito a wancan gefen? Ɗora yatsa a wurin."

Yaro ya ɗora. Sa'an nan ya rufe, ya shafa da tafin hannu, ya buɗe. Abin da zai gani fukafukai ne biyu masu kama ɗaya, ko da shi ɓangare guda ya yi wa aiki. Galibi akan ji aji ya ɗauki sowa, ana "Malama, duba nawa!" Amma ba sowar ce darasin ba. Darasin yana wurin yatsan nan da aka ɗora, ya dace ko bai dace ba. In an bar yara su yi ta ɗigawa suna ninkawa ba tare da wannan tambaya ba, za su tashi da takardu masu kyau a manna a bango, lissafi kuwa ba a taɓa shi ba. Da yawa daga masu yin wannan aiki a nan suke tsayawa, kuma hasara ce.

Bayan launi ya bushe a zana jiki a kan layin ninkin: kai, da ƙirji, da ciki. A sa gashin kai biyu, ɗaya nan ɗaya can. A sa ƙafafu, uku a dama uku a hagu. Tun nan yaro ya fara haɗuwa da uku da uku shida, biyu da biyu huɗu, ya kuma ga da idonsa abin da ake nufi da rabi da ninki. Wanda ya yi wa nasa ƙafa huɗu a gefe guda, 'yan'uwansa ne za su fara gaya masa.

'Yan shekara shida zuwa bakwai sai a ba su almakashi marar tsini. A ninka takarda, a zana rabin ƙwaro a jikin ninkin, a yanka, a buɗe. Wanda ya zana nasa a gefen da ba ninki zai tashi da guntaye biyu a warwatse, kuma wannan kuskure ya fi bayanin malami amfani, don ba ya sake yinsa. Sa'an nan a kawo ɗan madubi, a tsayar da shi a kan layin rabin zane, yaro ya leƙa ya ga ɗaya rabin ya fito daga cikin madubi. 'Yan aji uku kuwa, a ba su fallen littafin lissafi mai gidaje-gidaje, malami ya cika rabin fiffike, su kuma su cika ɗaya rabin da ƙirge: in ɗigon nan gida uku yake daga layi, to nasu ma gida uku, amma ta can.

Akwai kuskure guda da kusan kowane yaro ke yi, ya kamata iyaye su san shi don kada su ɗauko bulala. In aka ce ya cika ɗaya rabin, sai ya kwafe shi yadda yake, ya matsar da shi gefe, maimakon ya juya shi. In baƙin ɗigo yana hagun fiffiken farko, sai ya sa shi a hagun na biyu, watau ɗaya ya faɗa can bakin fiffike, ɗaya kuma ya manne da jiki. Ba daƙiƙanci ba ne. Kwafewa daban, juyawa daban, kuma rarrabe su shi ne ainihin abin da ake so ya koya. Magani shi ne a mayar da shi ga ninki ko ga madubi, ya gano da kansa.

Wannan kuskure yana da ɗan'uwa a wajen karatu. Harafin b da harafin d kamar fiffiken dama ne da na hagu, shi ya sa yara ko'ina a duniya ke rikita su a farkon koyo. Kujera dai ko ta fuskanci gabas ko yamma kujera ce, haka ido ya saba, sai ga shi a takarda an ce in abu ya juya ya zama wani harafi. Ɗan Bahaushe kuwa nasa aikin ya fi yawa, tun da ban da waɗannan biyu ga ɓ ga ɗ, sa'an nan da safe yana rubutu daga hagu zuwa dama, da yamma a makarantar allo daga dama zuwa hagu. Yaron da ya yi wasa da madubi, ya san akwai abin da ake kira juyi, ya sami sunan abin da ke ruɗa shi.

Inda babu takarda sam, ƙasa ta isa. A ja layi a tsakar gida, yaro ɗaya ya zauna nan ɗaya can. Na farko ya ajiye ƙwallon tsamiya ko murfin kwalba ko ɓawon gyaɗa, na biyu ya ajiye irinsa a wurin da ya dace, har fukafukai su cika. A ajin da yara suka ninka adadin da ƙa'idar gwamnati ta yanka, watau malami ɗaya ga yara 35, wannan hanya ta fi sauƙi, don kowa na da abokin da zai duba aikinsa.

DON ME ƘWARI?

Na ɗaya dai suna nan, ba a saye. Na biyu kuma jikinsu a ƙirge yake. Kowane ƙwaro na ainihi in ya girma yana da ƙafa shida da gaɓa uku da gashin kai biyu. Malam buɗe littafi da mazari da zuma fukafukai huɗu gare su, ƙuda da sauro da tsando kuwa biyu. Gizo-gizo da kunama masu ƙafa takwas ne, saboda haka masana ba sa lissafa su cikin wannan dangi, ko da yake a bakin Bahaushe duk ƙwari ne. Yaron da aka tura ya ƙirgo ƙafafun tururuwa ya zo ya gwada da na gizo-gizo, ya yi aikin da masu ilmin halittu ke yi.

Dalilin daidaiton ma ba boyayye ba ne ga ɗan ƙauye. Ya san in aka ɗora wa jaki mangala, gefe ɗaya ya fi nauyi, ba za a kai kasuwa ba sai an tsaya gyara. Ya ga babur da aka ɗaure wa buhu a karkace. Haka abin da ke tashi sama: in fiffike ɗaya ya fi ɗaya, sai dai ya yi ta kewaya. Daga nan zuwa fahimtar dalilin da ya sa aka ƙera jirgin sama da fukafukai iri ɗaya ba nisa.

Abin mamaki, su kansu ƙwarin sun san darasin. A 1996 wasu masana a birnin Berlin na Jamus suka koya wa ƙudan zuma zaɓen zane mai daidaito ta hanyar saka masu ruwan sukari, sa'an nan suka nuna masu sababbin zane da ba su taɓa gani ba, zuman suka ci gaba da zaɓen masu daidaiton. Saƙar zuma kuwa, kowane gida nata kusurwa shida ne, kuma ana iya ninka wannan siffa ta hanya shida ta hau kan kanta. Tun zamanin da masana ke zaton ita ce siffar da ta fi tattalin kaki, amma sai a 1999 wani Ba'amurke mai suna Thomas Hales ya tabbatar da haka da hujjar lissafi. Mai amya a ƙauyen Rafi da zai ba makaranta guntun busasshiyar saƙa, ya ba ta kayan koyarwa na shekara guda.

Sai dai a yi hattara. Ba a tura yara kamun rina ko zuma ko kunama, haka nan ƙwaron nan da ke tayar da bororo a fata. Malam buɗe littafi ma a bar shi ya sha iska, domin garin nan da ke mannewa a yatsa in an kama shi, ƙananan ɓawo ne da suka rufe fiffiken, su ne launin nasa. Kallo ya wadatar, ko kuwa a tsinci wanda ya riga ya mutu.

Shi wannan wasa na ninka takarda ba sabon abu ba ne. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya buɗe makarantar ƙananan yara a garin Bad Blankenburg a 1837, ya kuma raɗa mata sunan lambun yara a 1840, ya sa ninka takarda da yanka ta cikin manyan ayyukan yaransa. Daga wurinsa abin ya bazu zuwa Ingila da Amurka.

ABIN DA KE GIDA TUNTUNI

Amma fa ba sai an je Jamus ba. Uwar yaron nan ta san daidaiton ɓangarori tun kafin ya zo duniya, sunan ne kurum ba ta ba shi ba. In ta zauna ƙunshi, abin da ta yi wa ƙafar dama shi take mayarwa a ta hagu. Mai saƙar faifai, da mai sassaƙar ƙwarya, da mai ɗinkin hula, da maginin da ke yi wa ƙofar zaure ado, da almajirin da ke zayyana a allon sauka, duk da ido suke auna nisa daga tsakiya. Dagin Arewa da ke jikin gine-gine da tufafi, in an zana shacinsa a takarda an ninka, zai hau kan kansa ta tsaye da ta kwance. Mazauna ƙasar Yarabawa kuma sun ga matan Abekuta suna ninka ƙyalle su ɗaure kafin su tsoma a baba, in an kwance sai ado ya fito bibbiyu, kamar yadda ake yi a marinar Ƙofar Mata a Kano. Dabarar takardar yaron ce, ƙyalle ne kawai ya maye gurbinta.

Malami mai wayo zai kuma kawo abin da ba shi da daidaito, don yaro bai san abu sosai ba sai ya san kishiyarsa. Babbar riga mai aska takwas misali ce mai kyau: aikin ya taru ne a ƙirjin hagu wajen aljihu, ya haura kafaɗa, dama kuwa kaɗan ta samu, kuma da gangan maɗinka suka yi haka. A shimfiɗa ta a tabarma a tambayi yara ko za ta ninku. Daga nan za su gane ba kowane abu mai kyau ne ke da daidaito ba. (Zaren tsamiya da ake wa irin wannan riga aiki da shi ma, wanda Yarabawa ke kira sanyan, daga gidan wata tsutsa ake samunsa, wadda in ta girma takan zama malam buɗe littafin dare.)

Akwai iyayen da ransu ba ya kwanciya da zanen abu mai rai, kuma bai kamata malami ya yi masu dariya ko ya yi gaban kansa ba. Magana ce da malaman addini suka yi bayani a kanta, kowa ya tambayi nasa. Darasin dai ba ya rushewa don wannan. Kallon ƙwaro da ƙirga ƙafafunsa ba zane ba ne, kuma Alƙur'ani mai girma yana da surori da aka sa wa sunan zuma da tururuwa da gizo-gizo. In an zo wajen launi sai a ninka ganyen mangwaro ko na kuka a bi jijiyarsa, ko a yi dagi, ko saƙar zuma, ko zayyana.

Ga magidancin da ke neman abinci a Ikko ko Fatakwal ko Anacha, iyali kuwa suna Kagara ko Tegina ko Pandogari, abin da ake bukata daga gare shi bai taka kara ya karya ba. Cikin saƙon da zai ba direba, tsakanin atamfa da sabulu, ya jefa ɗan madubi ɗaya, da almakashi marar tsini, da littafin lissafi mai gidaje-gidaje, da tsofaffin takardu. Wanda 'ya'yansa ke tare da shi a kudu ma zai iya yi da su ranar Lahadi a ƙofar ɗaki, sai dai a Legas samun kyankyaso ya fi samun mazari sauƙi, shi ma kuwa ƙafarsa shida ce. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga tsakiyar damina zuwa kaka, sa'ad da furanni suka buɗe, ƙwari suka yawaita. In ya bugo waya da daddare, bayan an gaisa an tambayi lafiyar mutan gida, ya ce a ba shi yaron, ya tambaye shi ƙafa nawa fara ke da su a dama. In yaro ya ce, "Baba, ban ƙirga ba," sai ya ce masa gobe da safe ya je bayan gida ya ƙirgo, zai sake bugowa.